Ragon Suna a Kwanar Ƙarshe

Ja benci ka zauna, amma ba wannan ba, wancan. Wannan ƙafarsa ɗaya ƙusa ce da addu'a ke riƙe da ita, kuma wanda ya karya shi shi ne mai labarin da zan ba ka. Ni ne Amidu mai shayi, nan bakin kwanar masallacin Zongo. A rumfata aka fara abin, a gaban rumfata aka ƙare shi, saboda haka kada wani ya ce na yi ƙari.

Haliru ɗan zemijan ne, wato mai ɗaukar fasinja a babur, irin waɗanda ke cika titunan Lome tun da asuba. Babur ɗinsa tsoho ne tukuf, kafin ka gan shi ka ji tarinsa. Amma in Haliru na ba ka labarinsa sai ka rantse jirgin sama ne aka cire wa fukafukai. Ga shi Allah Ya hore masa kai, tubarkalla. Hular kwanonsa, wadda mu nan muke ce wa kaski, sai da aka zagaye kasuwar Adawlato kaf kafin a samu wadda ta shige shi.

Abin da ya lalata Haliru talabijin ɗina ne. Tun da na kafa faranti a kan rufi muka kamu da kallon tseren manyan babura na Turawa, waɗannan da in sun zo kwana suke kwantawa har gwiwarsu ta gogi kwalta. Sunayen matuƙan sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Mai jan babur muka ce Barkono. Mai shuɗi muka ce Bula, kamar bular wanki. Shekara guda su biyun nan suna fafatawa, wannan ya ci yau wancan ya ci gobe, har aka zo makon ƙarshe makinsu kusan kunnen doki. A wata ƙasa can gabas za a ƙare, inda la'asar ɗinsu ke dacewa da safiyarmu.

Haliru ɗan Barkono ne har ɓargo. Abokin adawarsa a kan bencina shi ne Salifou mai sayar da atamfa, ɗan Bula, mutum mai sanyin murya wanda in ya yi maka gatse sai ka je gida ka ci tuwo kafin ka gane zaginka aka yi.

To ga inda abin ya haɗe. Zuhura, ƙanwar Haliru, tana auren Munir, ƙanin Salifou. Ta haifi ɗanta na fari, namiji, suna kuma ya faɗo ranar Lahadi, ranar tseren ƙarshe. Dangin uba suka ce a sa wa yaro Salifou. Zuhura ta kafe. Ta ce tun da mahaifinsu ya rasu Yaya Haliru ne ya riƙe ta, a bayan wannan tsohon babur ya yi ta kai ta makaranta, sunansa take so. Kuma ka sani, duk zuriyarsu ba a taɓa yi wa Haliru takwara ba. Har wani kawunsu da ba a ba shi ajiyar allura yana da takwarori, shi ko ɗaya. Abin na cin ransa, duk da cika bakin nan. Ranar da saƙon Zuhura ya iso na ga hawaye ya ɗiga a kofinsa, ya ce wai tururin shayi ne.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Munir ya same shi a rumfata a gaban kowa.

"Yaya Haliru, na yarda da maganar Zuhura. Amma sai da aka kai ruwa rana da dangina, kuma sun kafa sharaɗi, ni ma ina bayansa. Mai takwara shi ke kawo ragon suna. Ka kawo shi lafiyayye, ka miƙa wa Liman igiyarsa da hannunka kafin ya tashi daga tabarma. In ka yi haka, yaro Haliru ne. In ba haka ba, ga Yaya Salifou nan zaune."

Haliru ya kwashe da dariya har ya ƙware. "Rago? Ragona na can Baguida a garken Buraima tun cikin nan bai fito ba, yana cin dusa yana shan iskar teku. Ni da na taɓa ɗauko firiji da mai firijin da surukarsa daga Agoè a tashi ɗaya, rago ne zai gagare ni?"

"Tuna mini," in ji Salifou yana juya cokali a kofi, "firijin aka binne ko surukar?"

Aka fashe da dariya. Kafin Haliru ya rama, talabijin ta nuno gwajin da matuƙa suka yi da safe, ga Barkono kwance a kwana kamar zai sumbaci ƙasa. Nan Haliru ya manta da kowa.

"Kun ga wannan kwanciyar? Ni na fara ta a Lome, hoto ne dai ba a ɗauke ni ba. Ranar Lahadi, a wannan kwanar ta masallaci, gaban Liman da duk jama'ar suna, zan shigo da rago gwiwata na gogar ƙasa. Yaron nan sai ya girma yana jin yadda aka kawo ragonsa."

Na ce, "Haliru, su Turawan nan da wani abu a gwiwarsu. Kai fata ce tsirara."

Ya leƙa kwandon sharata ya zaro gwangwanayen sardin guda biyu, ya buge su da dutse suka baje, ya ɗaure su a gwiwa da robar tsohuwar taya. Ya hau bencina ya yi masa hawan babur, yana gurnani da baki, ya ce kowa ya kalli ƙugunsa. Ya zame gefe, ya ƙara zamewa, ya miƙa gwiwa. Benci ya ce ƙaras! Haliru ya tafi da butar shayi da kwandon burodi da wani bawan Allah baƙo da ya shigo tambayar hanya.

"Laifin bencin ne," ya ce daga ƙasa, madara na bin gemunsa. "Ba shi da taya."

Na dai riƙe abin a raina.

Asabar da safe rumfata ta cika har waje, tseren farko, don biyu ake yi a makon: ƙarami Asabar, babba Lahadi. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Bula na gaba, Barkono na shaƙar hayaƙinsa, a miƙaƙƙiyar hanya wannan ya wuce, a kwana wancan ya ƙwace. Shayi ya huce a kofuna ba wanda ya kula. Aka zo kwanar ƙarshe Bula na gaba, ga layin gamawa ana hango shi, sai tayarsa ta zame. Babur ya yi cikin tsakuwa, shi kuwa Bula ya taho a kan gadon bayansa yana sulu, ƙafafu a sama, ya tsallake layi a haka kafin Barkono ya iso.

Salifou, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe. "Ya ci! Shi ya fara tsallakewa!"

Haliru ya haye ragowar bencina, ya ɗaga hannu kamar mai huɗuba. "Jama'a ku shaida! Amidu, ka shaida! Dokar tsere ce, kuma dokar hankali ce: mutum da abin da ya ɗauko tare suke isa. In ɗaya ya riga ɗaya, ba a iso ba. Ko da taku ɗaya ne, ba a iso ba! Wanda ya ce ba haka ba bai san babur ba, atamfa ya sani."

Alƙalan tsere ma haka suka yanke, aka ba Barkono. Mai sharhi ya yi bayani da Faransanci cewa yanzu Barkono ya ba da tazara, gobe ba sai ya zo na ɗaya ba, ya dai ƙare tseren cikin na gaba-gaba lafiya kambun shekara nasa ne.

"Lallaɓawa?" in ji Haliru. "Barkono? Ba ku san shi ba. Ni da shi jininmu ɗaya, ba mu iya shigowa gari a hankali ba."

Salifou ya biya kuɗin shayinsa ya fita a natse. Ni na san wannan natsuwar tasa.

Da hantsi Haliru ya leƙa ɗakin mai jego. Matata na can tana taya su aiki, ita ta ba ni labari. Zuhura ta ce, "Yaya, don Allah don Annabi ka je ka ɗauko ragon nan yau ya kwana a gida. Ga turke nan a tsakar gida."

"Ya kwana a gida, gobe a jawo shi kamar akuyar maƙwabta? Wa zai gani? Ke dai ki shayar da takwarana, ki bar wa yayanki harkar hanya."

"Ni ba gani nake so a yi ba, Yaya. Sunan nake so."

Ya shafa kan jariri ya fita yana fito.

Daga nan ya ce sai ya gwada kwanar da nauyi a baya. Ya ɗauko Mariyatu mai kifi daga Adawlato, mace mai jiki masha Allah, da kwandonta a cinya, bai gaya mata gwaji za a yi da ita ba. Muna zaune muka ga sun taho. Haliru ya kwanta hagu, Mariyatu da ta ga ƙasa na matsowa ta kwanta dama da duk abin da Allah Ya ba ta. Babur ya rasa wanda zai bi, sai ya miƙe ɗoɗar ya shige layin masu alwala. Butoci suka tashi sama. Mariyatu ta sauko, ta zaɓi kifi mafi girma a kwandon, ta fara yi masa bayani da shi a ƙeya.

"Ni za ka kashe? Marayu ka ga ina nema in bari?"

"Hajiya, ai ke ce ba ki bi ni ba! In na kwanta sai ki kwanta!"

"In kwanta a titi? Uwarka ce ta haife ni?"

Ya dawo rumfata yana warin kifi, ya zauna ya yi tunani mai zurfi, abin da bai saba ba. Can ya ce, "Na gano matsalar. Ɗan Adam ra'ayi gare shi. Rago ba shi da ra'ayi." Sai ya ƙara da cewa matsala ta biyu nauyi ne, babura na tsere ba su ɗaukar tarkace. Ya ari sifana ya hau kwance-kwance. Madubai suka tafi. Murfin sarƙa ya tafi. Jakin tsayawa ya tafi, har sai da ya jingina babur da bango. Ƙarshe ya kwance ƙarfen baya, wanda duk ɗan zemijan ke ɗaura kaya a kai.

Na ce, "Haliru, a ina za ka ɗaure ragon?"

"Amidu, kai dai dafa shayi."

Lahadi ana sallame sallar asuba ya tafi Baguida. Abin da ya faru can Buraima mai garke ne ya ba ni, kuma Buraima ba ya ƙarya sai a kan shekarun dabba. Ya ce ya fito da rago fari sol, ƙosasshe, ƙahoninsa gajeru masu kyau, ya nemi inda zai ɗaura kwando a babur bai gani ba.

"Ina ƙarfen?"

"Na cire. Nauyi."

"To a ka za ka ɗauke shi?"

Haliru ya duba hagu ya duba dama, sai ya hango matar Buraima na shara da goyo a baya. Idonsa ya yi haske. Ya ari zani da majanyi. Aka zaunar da rago a kujerar fasinja kamar mutum, ƙafafun gaba a kafaɗun Haliru, aka naɗe su tare da zani aka ƙulle a ƙirji, igiyar wuya na lilo. Buraima ya ce shekarunsa a harkar dabbobi bai taɓa ganin ƙato da gemu ya goyi rago ba, amma bai hana shi ba don yana son ganin ƙarshen abin.

Sai Buraima ya tuna masa: "Ka dai san Liman ba ya karɓar mai karyayyen ƙaho, ko gurgu, ko mai ido ɗaya."

Nan Haliru ya yi abu ɗaya na hankali a duk makon, shi ma a karkace. Ya cire kaskinsa ya kifa wa rago. Da kan wani ne da bai shiga ba, amma kaskin Haliru ne, ya haɗiye kai da ƙahoni har da sauran wuri. Sauran wurin nan ne ya ba shi wata dabarar. Lokacin tsere ya yi, ga shi ba zai iya kallo yana tuƙi ba. Ya kamo tashar a wayarsa, ya ƙure murya, ya cusa ta cikin kaskin gefen kunnen rago, ya ɗaure maɗauri. Tun da haɓar rago na kan kafaɗarsa, sharhi zai riƙa zuba masa a kunne kai tsaye.

Haka suka hau titin bakin teku: ƙato ba hula, gwangwanin sardin a gwiwa, goye da rago mai kaski, ragon kuma na zuba Faransanci da ƙarfi kamar lauya.

Wajen tashar jirgin ruwa wani direban tirela ya leƙo ta taga, rago ya juyo ya dube shi ta gilashi ya ce da Faransanci, "Ga shi nan zai wuce ta ciki!" Direban ya taka birki ya sauka ya zauna a bakin hanya yana salati. Mata masu tallan burodi suka watse. Wata tsohuwa ta durƙusa ta gaida ragon, don ba ta san ko wane ne a ciki ba. 'Yan zemijan kuwa, ka san halinmu a garin nan, kowa ya sauke fasinjansa ya bi bayansu da waya a hannu yana ɗauka.

Haliru ba madubi. Ya dai ji rurin babura a bayansa, a kunnensa kuma Bature na ihu ana tsere. Me kake tsammani? Ya ɗauka shi ake kora. Ya kwanta a kan tanki ya murɗe maƙogwaron babur har ƙarshe. Suka ƙara wuta don kada hoto ya kuɓuce musu, shi ma ya ƙara don kada a wuce shi. A babban shataletale, waɗanda suka bi shi sun rantse sai da ya yi ta zagayawa har ragon ya fara kuka a kan Faransancin, wai yana neman inda zai fita ba tare da ya rage gudu ba.

Mu kuwa muna nan. Gidan Munir ga shi can, kana shan kwanar nan ka isa. An kafa rumfar tamfol, an baza tabarmi har bakin titi, goro da dabino na zagayawa, dattawa sun yi layi cikin manyan riguna. Mata tun asuba suke girki a bakin hanya, duk ruwan wankin shinkafa da na kuɓewa nan kwanar suke watsa shi. Ni kuma na juyo da talabijin ta fuskanci waje na kashe murya saboda girman Liman, rabin jama'a na cewa amin da ido ɗaya a rumfata.

Rana ta ɗaga. Liman, tsoho mai ƙarancin magana, ya dubi inuwa ya dubi Munir.

"Ina ragon? Akwai wani sunan na jirana a Agoè."

"Allah gafarta Malam, yana hanya."

"Hanyar Makka?"

Munir na share gumi. Ta tagar ɗaki ina hango Zuhura ta ɗaga labule tana kallon kwana. Salifou na zaune daf da Liman, yana ɓare goro a natse kamar ba shi a wurin. Liman ya jawo takalmansa kusa, ya dafa ƙasa zai yunƙura.

Sai muka ji su. Kamar an saki rumbun ƙudan zuma. Yara suka ruga suna ihu, "Ga Haliru! Ga Haliru da goyo!"

Ya ɓullo daga kan layi, rundunar zemijan a bayansa. Da a nan ya rage wuta ya shigo a hankali, wallahi da ya iso, Liman bai riga ya miƙe ba. Na ga ya ga taron. Na ga ya ga Salifou. Na ga haƙoransa sun bayyana. Na ce a raina, shi ke nan.

Ya zame ƙugu, ya miƙa gwiwa, ya kwanta. Kuma in faɗi gaskiya, gwangwani ya taɓa ƙasa, har tartsatsi ya yi. Na ƙiftawar ido Haliru ya zama abin da ya daɗe yana cewa shi ne. Sai tayar gaba ta taka ruwan kuɓewa.

Babur ya yi gabas da Haliru. Ƙullin zani ya kwance, rago ya yi sama. Duk Zongo ta ɗaga kai tana kallon farin rago da kaski yana tafiya a iska yana Faransanci. Ya sauka a kan tamfol, tamfol ya lotsa ya sulalo da shi a hankali, ya dire da ƙafa huɗu a kan tabarma, gaban Liman. Haliru kuwa ya yi ta sulu har lambatun gaban rumfata ya karɓe shi, babur ya biyo ya kwanta a kansa.

Rago ya dubi Liman ta gilashi, ya kwarara ihu da muryar Bature.

Dattawa suka tarwatse, wani ya bar hula, wani ya bar takalmi, ana ta a'uzu billahi. Liman kaɗai bai motsa ba. Daga baya ya gaya mini ba jarumta ba ce, ƙafarsa ce ta yi sanyi.

Salifou ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya kwance kaskin, ya zaro waya ya kashe. Ya kama igiyar da ke lilo a wuyan rago ya miƙa wa Liman da hannu biyu. "Allah gafarta Malam, ga rago."

"Ragona ne!" Murya ta fito daga lambatu. Aka ɗaga babur, aka jawo Haliru, baƙi ƙirin tun daga gemu har ƙafa, gwiwa a saɓule, gwangwani ɗaya ya koma ƙeya ban san ta yaya ba. "Ragona ne, kuma ya iso kafin Malam ya tashi! Kowa ya gani!"

"Ragon ya iso," in ji Salifou a hankali. "Amidu, kai aka sa shaida jiya. Me ya ce a kan mutum da abin da ya ɗauko?"

Duk ido ya dawo kaina. Na dubi Haliru, na dubi bencina mai ƙafar ƙusa. Kuma gaban Liman ne, ba a ƙarya. Na ce, "Ya ce tare suke isa. In ɗaya ya riga ɗaya, ba a iso ba."

"Ko da taku ɗaya ne," wani ya ƙarasa daga baya.

"Wannan dokar babura ce!" in ji Haliru.

"Ka ce dokar hankali ce," in ji Salifou. "Ni atamfa na sani."

Liman bai shiga gardamar ba. Ya shafa ƙahonin rago, ya buɗe idanunsa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane babu. Sannan ya ɗago ya ƙare wa Haliru kallo daga sama har ƙasa. "Rago lafiyayye ne. Wancan dai da shi aka kawo mini da ban karɓa ba." Ya juya ga Munir. "Wa ya miƙo igiya?"

Munir ya dubi tagar matarsa, ya dubi dattawan gidansu da suka dawo suna neman takalma. Ya sunkuya ya raɗa wa Liman a kunne. Aka yanka rago, aka shafa fatiha, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya: sunan yaro Salifou.

Labulen tagar ya sauka. Haliru na zaune a bakin lambatu, ruwa na ɗiga daga gemunsa, kuma karo na farko tun da na san shi bakinsa a rufe. Wallahi na ji tausayinsa, har bencin na yafe a lokacin.

Ana cikin haka samarin da ke gaban talabijin suka ɓarke da sowa. "Barkono ya ɗauki kambu! Barkono zakaran shekara!"

Haliru ya ɗago da sauran ƙarfinsa. "Na gaya muku! Ya wuce Bula a kwanar ƙarshe ko?"

"Ina! Bula ne ya ci tseren, da nisa ma. Barkono a hankali ya yi ta bin bayansu kamar mai ɗauke da ƙwai, ya bar duk mai sauri ya wuce. Isa kawai ya yi."

Aka tallafe shi zuwa cikin gida don a wanke masa gwiwa. Matata ta ce Zuhura da kanta ta karɓi ruwan ɗumin, ta durƙusa tana goge masa ciwon tana hawaye, ba ta yi masa faɗa ba. Abu ɗaya ta ce: "Yaya, kai ma isowa kawai aka ce ka yi."

To ka san al'ada. Zuhura ba za ta iya kiran sunan ɗan fari ba, balle kuma sunan yayan mijinta ne. Dole a nemi sunan da za a riƙa kiran yaro da shi a gida. Mata na cikin shawara sai wata ta ɗauko kaskin nan daga tabarma ta ce a ajiye wa jariri, ai da shi ragonsa ya zo. Kafin la'asar duk gidan Kaski ake ce wa yaro. 'Yan zemijan kuwa, da hoton ya gama zagaya wayoyin Lome, ba su sake ce wa mutumin Haliru ba. Daga Adawlato har Agoè, Kaski.

Yaron yanzu yana tafiya, kullum yana nan gindin bencin nan wajen kawunsa yana tsoma burodi a shayinsa. Tsaya ka gani, ga su can tafe. In uwar ta leƙo daga ƙofa ta ce "Kaski!", su biyu ne ke waigowa, kuma babban ne ke fara amsawa.